Kundin Aiki: Neman Sunan Da Za Mu Buga A Kan Kwalin Wasanmu

11 ga Janairu, 2025

Ƙa'idojin wasan sun zauna, siffofin rundunar farko sun fito daga injin ƙera su, an shafa musu fenti. Abin da ya rage kafin mu je wurin masu buga kwali shi ne suna, kuma shi ne ya zame mana ƙarfen ƙafa. Tun farkon aiki "wasan dawaki" muke ce masa a tsakaninmu, ni da ƙanena mai zana siffofin a kwamfuta da abokinmu mai fenti. Wannan sunan cikin gida ne. Ba mai shagon da zai iya sayar da kaya da shi, kuma wanda ya ji shi zai ɗauka sukuwa ce.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wasan ba: tebur ake shimfiɗawa, a kafa masa ganuwa da ƙofa da fadama da 'yan bishiyoyi. Kowane ɗan wasa yana da rundunarsa ta ƙananan siffofi masu tsayin milimita 28, mahaya da 'yan baka da dakaru masu mashi. Ana auna tafiyar kowace ƙungiya da tef, idan aka yi arangama a jefa dayis irin na ludo a ga wanda ya yi rinjaye. Asalin abin daga Turai yake. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi na kan taswira don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya wallafa ƙa'idojin yin irinsa da sojojin wasan yara. Daga 1983 kuma, da kamfanin Games Workshop ya fito da Warhammer, abin ya zama babbar kasuwa.

Namu wasan ya ɗauki zamanin biranen da ke da ganuwa, daga wajen 1400 zuwa ƙarshen ƙarni na 17: Kano da Katsina da Zazzau, sai Kwararrafa da ke kawo hari daga kudu. Da gangan muka tsaya nesa da 1804. Ba na son ranar da wani yaro zai zauna a tebur a ce masa shi ne zai yaƙi jama'ar Shehu, ya jefa dayis ya ci. Wannan ba abin wasa ba ne a wurinmu.

Sunan da nake nema dole ya shiga baki biyu. Na farko bakin yaron da zai tsaya gaban kanti a Kano ko Maraɗi ya ce a ba shi. Na biyu bakin wanda ke zaune a Jamus ko Amurka, ya ga hoton doki sanye da kaya masu launi a intanet, ya so ya rubuta sunan ya nemo. Idan ɗaya ya samu ɗaya ya rasa, kuɗin injin ma ba za su dawo ba, don masu sayen irin wannan kaya a gida har yanzu 'yan kaɗan ne.

19 ga Janairu

Mun zauna mun zubo duk kalmomin yaƙi da muka sani a takarda: Artabu, Gumurzu, Sansani, Dakaru, Fagen Fama, Garkuwa, Daga, Kansakali, Tambari. A ido duk suna da kyau. Ƙanena ya fi son Garkuwa, har ya zana ta da manyan haruffa, garkuwar fata a bayan rubutun, mashi biyu sun gitta. Zanen ya yi kyau ƙwarai, ni ma na yaba.

Da daddare ya nuna wa mahaifiyarmu a waya. Ta karɓa, ta matso da ita kusa da ido, ta karanta a hankali, sai ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce, "Ɗan nan, wace irin garkuwa kuma? Ku rasa abin da za ku sa wa wasan yara sai wannan?" Bai ce komai ba. Ita ba garkuwar fatar da ke hannun dakare ta gani ba. Abin da take ji a rediyo safe da yamma ta ji, garkuwa da mutane, kuɗin fansa, ƙauyen da aka kwashe.

Na koma kan takardar da kunnenta. Artabu da gumurzu, kullum a labarai suke, tsakanin jami'an tsaro da 'yan bindiga. Sansani yanzu na 'yan gudun hijira ne. Dakaru sai an ce an tura su wani daji. Kalmomin da kakanninmu suka yi wa jarumai kirari da su, shekarun nan na rashin tsaro sun ɗora musu wani nauyi, kuma akwai gidajen da nauyin nan bai sauka ba. Mai tsara wasa a Ingila yana iya sa wa kwalinsa "yaƙi" hankali kwance, saboda yaƙin ya yi nisa da ƙofar gidan mai saye. Mu ba mu da wannan sararin. Wanda zai sayi wasan nan a Gusau ko Funtuwa yana iya kasancewa mutumin da aka taɓa ɗauke masa ɗan'uwa.

Na soke biyar daga jerin. Ƙanena ya ajiye zanen Garkuwa, ya ce zai yi amfani da garkuwar a bayan katunan.

26 ga Janairu

Daga ta faɗi, kuma ba don ma'anarta ba. A baki tana da ƙarfi: a ja daga, a fagen daga. A rubuce kuwa ba ta da bambanci da "daga" ta "daga Kano zuwa Zariya", wadda ke cikin kusan kowane sakin layi na Hausa. Ka rubuta ta a Google ka ga abin da zai fito. Wanda ba ya sa ƙugiya a rubutu kuma zai haɗa ta da "ɗaga".

Maganar ƙugiya ta kashe wasu ma. Abokinmu mai fenti, Bakano ne na cikin gari, ya kawo Badala. A wurinsa bango ne, inda suka yi wasa suna yara. Amma yawancin mutane a waya ba sa bambanta d da ɗ, kuma da zarar an karanta ta da ƙugiya an shiga wata magana da ba mai son ganinta a kan kayan da zai kai gida. Daga yau mun yanke: duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, ko wanda rashinsu zai iya juya shi, ya fita. Adireshin intanet da sunan shafi a Instagram ba sa tafiya lafiya da haruffan nan, baƙo kuma ba shi da su a allon rubutunsa.

8 ga Fabrairu

Na kai samfurin wurin wani dattijo mai shagon kayan wasa da littattafan yara, wanda ke sayar da ludo da Whot da Scrabble da Monopoly. Na jera masa mahaya uku a kan gilashin kanta. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya duba ƙarƙashinsa, ya tambayi nawa zai tsaya. Da na faɗa masa sai ya yi shiru na ɗan lokaci.

"Malam," ya ce, "yaro ne zai gani ya so, amma uban ne zai zaro kuɗin. Uban nan abu biyu zai tambaye ni. Zai ce caca ce? Saboda ya ga dayis. Zai ce gumaka ne? Saboda ya ga mutum-mutumi. Ka sa sunan da zai amsa masa tun kafin ya buɗe baki."

Na ce, "Alhaji, to idan muka sa na Turanci fa?"

Ya ce na Turanci yana sa kaya su yi kama da na waje, kuma akwai masu sayen da hakan ke burge su. Amma ya nuna mini kan kantarsa ya ce duk abin da ke wurin na waje ne, kuma duk sun fi namu araha. Idan muka shiga layinsu da irin sunansu, farashi kawai za a duba, a nan kuwa an gama da mu. Abin da muke da shi wanda ba su da shi, a cewarsa, shi ne uba ya kalli kwalin ya ce, "Af, ai wannan na hawan Sallah ne."

Wannan magana ta zauna mini. Ƙanena dai har yanzu yana ganin sunan Turanci ne zai buɗe mana kasuwar waje. Na ce masa ya shiga BoardGameGeek, rumbun da masu harkar nan ke lissafa wasanni tun shekarar 2000, ya rubuta kalmar Turanci ta sarakuna ko ta takobi ko ta daula, ya ga tsawon jerin da zai fito. Namu zai nutse ne a ciki. Na kuma tuna masa da Catan. Klaus Teuber ya fitar da shi a Jamus a 1995 da dogon suna mai bayanin cewa na masu kafa matsuguni ne. Masu wasa suka riƙa yanke sunan da kansu, har a 2015 kamfanin ya bi su ya bar kalma ɗaya tilo, wadda ba ta da wata ma'ana a Jamusanci ko Turanci. Baƙuwar kalma ba ta hana ciniki. Mai saye yana koyon ta ne idan abin da ke cikin kwalin ya kai.

15 ga Fabrairu

Yau ranar lauya ce. Wata 'yar'uwar abokinmu ce da ke aikin rajistar alamun kasuwanci, ta ba mu lokacinta ta yi mana bayani dalla-dalla. Zan rubuta shi da ɗan tsawo saboda na san akwai masu ƙirƙira irinmu da ke tafiya da zato.

Abu na farko, rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC daban, rajistar alamar kaya daban. Ta farko tana ba ka damar buɗe asusun banki da sunan sana'arka. Ba ta hana wani ya buga sunan wasanka a kan nasa kwalin. Mai hanawa ita ce rajistar da ake yi a ofishin alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, bisa dokar alamun kasuwanci ta 1965. Kaya an kasa su rukuni-rukuni, kayan wasa suna rukuni na 28. Ana fara bincike a ga ko wani ya riga ka, sannan a shigar da takarda, a buga a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko wani zai ƙalubalanta. Idan ta tabbata, tana aiki shekara 7, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Abu na biyu shi ne ya taɓa jerinmu kai tsaye. Dokar ba ta son sunan da bayanin kayan ne kawai, ba ta kuma son wanda a ma'anarsa ta yau da kullum sunan gari ne ko sunan dangi. "Wasan Yaƙi" ba zai samu shiga ba, don kowa na da haƙƙin kiran wasan yaƙinsa wasan yaƙi. Sunan da ya fi ƙarfi shi ne wanda ba ya bayyana kayan kai tsaye.

Na ba ta labarai biyu daga cikin harkar, ta ce su ne daidai misalin abin da take nufi. A 1984 kamfanin FASA na Chicago ya fitar da wasan manyan injinan yaƙi da sunan BattleDroids. Ashe kalmar da ke ƙarshen sunan mallakar kamfanin Lucasfilm ce. Bugu na biyu sai da sabon suna ya fito, BattleTech, wanda aka san shi da shi har yau. Su sun tsira, amma ƙaramin mai sana'a da ya zuba duk jarinsa a kwalaye ba lallai ya tashi ba idan aka ce ya janye su. Na biyu, Games Workshop da kansa: a 2014 ya sauya sunan ɗaya daga cikin sanannun rundunoninsa daga Imperial Guard zuwa Astra Militarum. Masu bin harkar sun fi danganta hakan da cewa tsohon sunan kalmomi ne gama-gari da tarihi ya cika da su, ba mai iya cewa nasa ne shi kaɗai.

Ta ƙara da abin da ya shafi maƙwabta. Rajistar Najeriya a Najeriya ta tsaya. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke rufe ƙasashe 17. Tunda muna sa ran Damagaram da Maraɗi, wannan ma yana gaba, in kuɗi sun samu. Najeriya kuma ba ta cikin tsarin Madrid da ke ba mutum damar shigar da takarda ɗaya don ƙasashe da yawa, saboda haka Turai da Amurka sai an bi kowanne da hanyarsa. Wannan mun ɗage shi.

23 ga Fabrairu

Sunayen garuruwa sun fita tun kafin lauya ta yi magana, ko da ba mu faɗa wa juna ba. Ka sa Kano a kan kwali, Bakatsine ya ce ba da shi ake ba, alhali a wasan rundunar Katsina tana iya cin ta Kano, kamar yadda suka yi ta kai wa juna a ƙarni na 16 da na 17 kafin a yi sulhu.

Sunayen mutane ma na ƙi. An kawo Amina, an kawo Rumfa. Sunan Sarauniya Amina yana kan makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai da shaguna ba iyaka, kuma wasan ba labarinta ba ne. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, gidan da ya gina har yau shi ne fada. Ban ga dacewar a buga sunansa a kan abin da za a jefa wa dayis ba. Haka sarautu irin su Madawaki da Galadima da Jarmai: akwai masu riƙe da su a raye, a masarautu da dama, kuma wasu sunan gidansu ke nan.

Tambari ta yi kusa ta tsallake, sai dai a bakin 'yan kasuwa yanzu tambari shi ne alamar kamfani, a ce "tambarin Tambari" abin ya zama wani iri. Kansakali ina son ta har raina, amma ta yi tsawo, kuma a Kano ƙofa ce kafin ta zama takobi.

Saura uku: Ganuwa, Barade, da wata da abokinmu mai fenti ya rubuta a ƙasan takarda ba tare da ya ce komai ba, Lifidi.

14 ga Maris

Azumi ya rage mana gudu, amma ya ba mu dare. Bayan tarawihi samarin unguwa kan taru a zauren gidanmu mu buga gwaji, kuma na daina tambayar kowa wane suna ya fi so. Idan ka tambaya, mutum yana zaɓar wanda yake ganin zai faranta maka. Sai na koma sauraron abin da suke faɗa da kansu idan wasa ya yi zafi.

Ba wanda ke cewa barade. "Dawakaina" suke cewa. Ganuwa kuwa sai a wasan da aka kafa ta, kuma rabin wasanninmu a fili ake yin su. Kalmar da ke tashi a zauren, har maƙwabta su ji, ita ce ɗaya. "Turo lifidin nan gaba." "Kai, ka rufe lifidinka, zai harba wuta." Wani yaro ɗan sakandare da bai taɓa jin kalmar ba kafin watan nan, na ji shi yana ce wa abokinsa a ƙofar gida, "Gobe za ka zo lifidi?" Ba wanda ya ce masa sunan wasan ke nan.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya ga teburin. 'Yan lifidi su ne siffar da ido ke fara sauka a kai. Doki ne a lulluɓe tun daga wuya har gwiwa da riga mai kauri, an ɗinke ta gida-gida, mahayin ma haka, ga kwalkwali a ka. Abokinmu yana zana gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da burushi mai bakin allura, ja da rawaya da shuɗi da fari, kowane gida bai kai ƙwayar gero biyu ba, sai ya bi layin ɗinkin da baƙi siriri don ya fito. Mahayi ɗaya yana cin masa yini. Idan ya gama ya ajiye shi kusa da 'yan baka masu riga ɗaya, kowa hannunsa wurin dokin yake zuwa.

A ƙa'idojin ma su ne zuciyar wasan. Kibiya ba ta cika huda lifidi ba, saboda haka suna iya tunkarar 'yan baka kai tsaye. Amma suna da nauyi, tafiyarsu gajera ce, kuma wanda aka kayar daga doki ba ya komawa sai da zagi a kusa. Babban maganinsu wuta ce, don abin da aka cusa a cikin rigar auduga ce. Duk dabarar wasan tana zagaye da tambayar yaushe za ka sake su, da kuma yadda abokin karawarka zai ja su inda kibiyar wuta ke jira. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba, haka abin yake a tarihi. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke. Daidai inda zamanin wasanmu ya fara ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan a wurina. Lifidi kayan kariya ne, aikin maɗinka, kuma inda mutanen yau suka san shi shi ne ranar hawa, a gaban sarki, cikin kiɗa da algaita. Labaran dare ba su taɓa shi ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wannan yana jan tunanin mai ji zuwa ranar farin ciki, ko da yake abin da ke kan teburin yaƙi ne.

22 ga Maris

Na shiga Kurmi, layin masu kayan doki, don in tabbatar da yadda masu abin ke faɗa. Na samu wani tsoho yana gyaran linzami, na gaishe shi, na nuna masa siffar. Ya riƙe ta a tafin hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan lifida ne wannan. Amma yaro, rigar dokin ta yi gajarta ta baya, a sauko da ita."

Na ce, "Baba, lifida ake cewa ko lifidi?"

Ya ce rigar lifidi ce, masu sa ta kuwa shi 'yan lifida ya tashi ya ji ana cewa. Ya miƙo mini ita ya koma kan aikinsa.

Gyaran rigar na kai wa ƙanena. Maganar furucin kuwa aiki ta ƙara mana: mun kama sunan shafi da duka biyun a Facebook da Instagram, ɗaya zai riƙa tura mutane zuwa ɗayan. A kan kwali Lifidi za a rubuta.

Mun kuma yi gwajin waya. Ka kira mutum ka faɗi sunan sau ɗaya cikin hira, bayan an jima ka ce ya turo maka shi a rubuce. Masu jin Hausa ba su yi tuntuɓe ba, sai masu rubuta shi da a a ƙarshe. Abokan harka na waje da muke musayar hotunan fenti da su sun rubuta shi daidai, sun kuma furta shi kusa da daidai, abin da Ganuwa ba ta samu ba, don wasunsu sun kasa sanin inda za su ja ta. Gaɓa uku, ba ƙugiya, kuma idan ka neme shi a intanet dawakai da mahaya ne ke fitowa.

6 ga Afrilu

An sha ruwa, an yi Sallah lafiya. Hotunan hawa sun cika wayoyi, kuma a cikinsu na ga 'yan lifida fiye da yadda na saba lura. A Disambar bara UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa, saboda haka baƙon da ya ga kwalinmu yana da inda zai dosa idan ya so ƙarin sani.

Ƙanena bai sauka daga ƙorafinsa ba, kuma ƙorafin yana da tushe. Ya ce lifidi ƙungiya ɗaya ce cikin rundunar. Ranar da muka fitar da ƙaramin kwali na 'yan baka zalla, ko na Kwararrafa, mai saye zai ga an rubuta Lifidi ya buɗe bai ga ko ɗaya ba. Na ba shi amsa da abin da ya taɓa faruwa. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da ƙa'idojin yaƙin zamanin da na Turai, suka sa musu suna Chainmail, wato sulke. A ciki akwai 'yan baka da masu mashi da injinan rushe ganuwa, ba wanda ya ce an yaudare shi. Daga wannan wasan ne wani shahararren wasa, Dungeons & Dragons, ya tsiro a 1974. Warhammer ma sunan makami ɗaya ne, ga shi yau har shagunan kamfanin da shi ake kiran su. Ya ce ya ji, amma a rubuta cewa shi Barade ya zaɓa. Na rubuta.

Inda muka fi daɗewa shi ne layi na biyu, ɗan bayanin da ke ƙarƙashin suna. Na fara da "Yaƙoƙin Biranen Hausa". Abokinmu ya ce to Kwararrafa fa, su ba Hausawa ba ne, kuma idan Allah ya sa muka kai ga rundunar Barno sai mu ce me? Gaskiyarsa. Rigar nan ba tamu ba ce mu kaɗai, an sa ta a Barno da Bagirmi har zuwa Sudan, kuma wannan faɗin yana cikin abin da ya sa sunan zai iya ɗaukar duk abin da za mu ƙara nan gaba. Bai kamata layi na biyu ya ƙuntata abin da na farko ya buɗe ba. Na kuma tuna da mahaifiyarmu da dattijon mai shago, na cire kalmar yaƙi gaba ɗaya daga gaban kwalin. Abin da muka tsaya a kai: "Wasan dabara na mahaya da ganuwa". Kalmar dabara ita ce amsar mai tambayar caca, don tana sa shi a layin dara. A bayan kwali za a yi cikakken bayani da Hausa da Turanci da Faransanci, a faɗi ƙarara cewa wasan yaƙin zamanin da ne, kada wani ya saya bisa kuskure.

Maganar mutum-mutumi suna kaɗai ba zai warware ta ba. Mun riga mun bar fuskokin mahayan a rufe da rawani da kwalkwali, kuma za a sa alamun kwali masu lebur a cikin kowane akwati ga gidan da ya fi son yin wasa da su.

19 ga Afrilu

Lauya ta shigar da buƙatar bincike a rukuni na 28 da sunan Lifidi. Ta ce kada mu buga ko kwali ɗaya sai sakamako ya fito, kuma ko ya fito da kyau, mu fara da kaɗan har wata biyun ƙalubale su wuce. Na kira mai maɗaba'a na ce ya riƙe takardar da muka zaɓa amma kada ya yi faranti tukuna. Idan aka samu wanda ya riga mu, Barade ce ke biye, kuma ƙanena ya riga ya zana mata haruffa.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran kowa. Rigar dokin an sauko da ita ta baya kamar yadda tsohon Kurmi ya ce, sai an sake fitar da mahayan daga injin an sake musu fenti kafin a ɗauki hoton gaban kwali. Littafin ƙa'idoji har yanzu "wasan dawaki" ne a kowane shafi, sai na bi shi layi-layi. Mako mai zuwa kuma zan mayar wa dattijon mai shago samfurin kwalin da sabon suna, ya ajiye shi a kan kanta ba farashi, ya riƙa gaya mini abin da iyaye ke tambaya idan sun ɗauka.